Kura da Shan Bugu: 'Yan Kokawa da Masu Judo a Tsofaffin Finafinan Amurka

Kawuna ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, irin ta kaka, wadda ake yi a dandali bayan an gama girbi, ƙauye ya tashi takanas ya je ya sami ƙauye. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai da sanda. Fim bai dame shi ba, a wurinsa aikin yara ne da marasa abin yi. Bara da ya zo birni ganin likitan ƙashi ya sauka a wurina. Wani dare ya fito alwala, ya tarar da ni a tsakar gida ina kallon wani tsohon fim baƙi-da-fari a kwamfuta, daidai inda wasu ƙarti biyu suka sarƙe da juna. Har ya wuce, sai kuma ya dawo da butarsa a hannu ya tsaya a kaina.

"Ɗan nan, mayar da shi baya."

Na mayar. Ya ƙura ido har aka gama. "Wannan tsohon ba wasa ya zo yi ba," in ji shi. "Dubi inda ya dasa ƙafarsa. Wanda bai taɓa cin ƙasa ba bai san wannan tsayuwar ba."

Ko kalma ɗaya ta Turancin bai ji ba, amma ya gano gaskiyar lamarin. Sunan fim ɗin Night and the City, kamfanin 20th Century Fox na Amurka ya ɗauke shi a Landan, ya fito a 1950. Tsohon kuwa Stanislaus Zbyszko ne, mutumin Polan, wanda ya riƙe kambun kokawa na duniya sau biyu, a 1921 da 1925, ya kuma kara da Gama, gwarzon 'yan kokawar Indiya, a Landan a 1910. Ya kai kusan shekara 70 lokacin da aka ɗauki wannan faɗa. Abokin karawarsa, Mike Mazurki, shi ma da kokawa ya fara cin abinci kafin ya shiga fim.

Maganar kawu ce ta sa na koma na bi tsofaffin finafinan Hollywood na 'yan sandan ciki da miyagu, daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen na 1960, idona a kan faɗan kawai. Abin da na tarar a yawancinsu shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya mallaki fasahar, ɗan kokawa ne daga gabashin Turai ko mai judo daga Japan, shi ake turawa gefe, wanda ya ara kuma ya tafi da suna da yarinya da tafin 'yan kallo. Yanzu ana muhawara a Amurka kan yadda za a yi da irin waɗannan finafinai. Wasu sun ce a jingine su, wasu sun ce a ƙyale su, ai haka zamanin yake. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, kuma ta biyun ce ta fi ba ni haushi.

A fara da Mista Moto. Tsakanin 1937 da 1939 Fox ta yi finafinai takwas a kan wannan jami'in bincike Bajapane, ɗan guntun mutum mai tabarau da ladabi, kamar ka sa masa yatsa a baki ba zai ciza ba, amma da an matsa masa sai ka ga ƙato ya tashi sama ya dira a kan tebur. Judo ke nan, wadda Jigoro Kano ya tsara a Tokyo a 1882 daga tsohuwar jujitsu. Dabararta ita ce ka karɓi nauyin wanda ya auko maka ka ƙara masa gaba. Ba baƙuwa ba ce a Amurka, don har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya ɗauki darasinta a fadarsa a 1904, a hannun wani malami Bajapane. To wa ya fito a matsayin Moto? Peter Lorre, Bayahude haifaffen Hungari ta wancan lokacin, wanda ya tsere daga Jamus a 1933 da Hitila ya hau mulki. Aka lafe masa gashi, aka ƙwama masa tabarau, aka ce ga Bajapane. Ko jifan da ake yi da mutane ma ba shi ke yi ba, wani Ba'amurke ne mai suna Harvey Parry ke shiga rigarsa in an zo wurin faɗa. Fasaha ta Japan, fuska ta Hungari, jiki na Amurka. A jikin Moto kaf, ban da sunan da kayen, babu abin da ya fito daga Japan.

Masu kare waɗannan finafinai suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce a zamanin da aka saba nuna mutumin Asiya a matsayin maci amana mai dogon farce, irin su Fu Manchu, ga Moto da takwaransa Charlie Chan, jami'in bincike Basine, sun fi kowa basira a fim ɗinsu, su ke kwance ƙullin da ya gagari Turawa. Keye Luke, Basine da ya daɗe yana fitowa a matsayin babban ɗan Chan, har tsufansa yana kare finafinan, alhali wanda ya yi uban nasa, Warner Oland, ɗan Suwidin ne. Na yarda an yi ci gaba. Inda ban yarda ba shi ne a ce an rasa Bajapanen da 'yan kallo za su biya kuɗi su gani. Sessue Hayakawa fa? Tun 1915, zamanin finafinai marasa magana, yana cikin manyan taurarin Hollywood, har kamfanin kansa ya kafa a 1918. Ba rashi ba ne, zaɓi ne.

Da dangantakar Amurka da Japan ta yi tsami aka binne Moto shiru. Aka kai harin Pearl Harbor ran 7 ga Disamba 1941, a watan Fabrairun 1942 kuma gwamnati ta ba da umarnin da ya sa aka kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan, yawancinsu haifaffun Amurka, aka zuba su a sansanoni bayan waya. Amma judo ba a kai ta sansani ba, Hollywood ta riƙe ta. A 1945 James Cagney ya fito a Blood on the Sun, a matsayin ɗan jarida Ba'amurke a Tokyo da ya bankaɗo wani makirci. A yi masa adalci: Cagney ya zage ya koyi judon da gaske, kuma faɗansa na ƙarshe yana da kyau ko a ma'aunin yau, ana jin nauyin jiki in ya bugi ƙasa. Sai dai shi wannan kyaftin na 'yan sandan Japan da ya kara da shi, John Halloran sunansa, Bature ne, ɗan sandan Los Angeles da ya ƙware a judo. Turawa biyu na kada juna da kayen Japan, an shafa wa ɗaya fuska an ce shi ne Bajapanen. A daidai wannan lokaci, a sansanin Manzanar da ke jihar Kalifoniya ɗin dai, tsararru sun gina ɗakin judo suna koyar da 'ya'yansu, babu mai ɗaukarsu a hoto ya kai sinima.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Bad Day at Black Rock na 1955, saboda fim ne mai kyakkyawar niyya. Jirgin ƙasa ya tsaya a wani ɗan ƙauye a hamada inda ya shekara huɗu bai tsaya ba. Wani dattijo mai hannu ɗaya, Spencer Tracy, ya sauko yana cigiyar wani manomi Bajapane mai suna Komoko. Ya kawo masa lambar yabon ɗansa ne, wanda ya mutu a yaƙi a Italiya wajen ceton ransa. Kowa a garin ya tsuke fuska, don su suka kashe Komoko bayan Pearl Harbor suka rufe maganar. Akwai wurin da baƙon ke zaune yana cin abinci, wani ƙaton ɗan iska, Ernest Borgnine, ya zo ya tashe shi daga kujera, ya tuttula masa miyar tumatir a kwano, ya bi shi da baƙar magana. Dattijo ya yi ta haɗiyewa. Da tura ta kai bango sai ya sare shi da gefen tafin hannu a maƙogwaro, ya ƙara masa, kafin ka ce kwabo ƙato ya fita ta ƙofa ba da ƙafarsa ba. Duk wanda ya kalla sai ya ji daɗi, ni ma na ji. Fim ne da ya kalli Amurkawa ya ce kun zalunci waɗannan mutane, kuma da salon faɗan mutanen aka rama musu. Amma daga farkonsa har ƙarshe ba a ga fuskar Bajapane ko ɗaya. Uban kabari ne, ɗan kuma lambar yabo ce a aljihu. Ko wajen neman gafara, sai da aka bar mai haƙƙin a waje.

Mu da muka tashi da kallon fim mun raba mutanen ciki gida biyu, akwai jarumi akwai bos. A tsakani kuma akwai yaran bos, waɗanda aikinsu shan duka. Nan aka ajiye 'yan kokawa. Fim ɗin bincike ginin ƙwaƙwalwa ne, jarumi siriri ne mai kaifin baki da hular malafa, don haka ana bukatar wani dutse a gefensa da zai sa basirarsa ta fito. Mazurki ya shafe shekaru yana zama wannan dutsen. A Murder, My Sweet na 1944 shi ne Moose Malloy, ƙaton da ya fito daga kurkuku yana neman budurwarsa Velma, ya shaƙe wannan ya ɗaga wancan, bai san ana juya shi ba. Alhali mutumin nan, haifaffen yammacin Yukren na yau, ya gama kwalejin Manhattan da digirinsa, kuma shi ya kafa ƙungiyar tsofaffin 'yan kokawa ta Cauliflower Alley Club a 1965 don su riƙa taimakon junansu. Kunnensa da kokawa ta dagargaza shi ne tambarin ƙungiyar. Hollywood ta dubi kunnen da faɗin ƙirjin, ta yanke hukunci cewa babu komai a saman wuyan.

Shi ya sa fim ɗin da kawu ya tsaya a kai ya fita daban. Labarin wani ɗan buga-buga ne, Harry Fabian, wanda Richard Widmark ya yi, mai janyo wa gidan rawa kwastomomi da ƙarya, kullum da sabon mafarkin arziki. Wata rana ya ga wani tsohon gwani, Gregorius, wanda Zbyszko ya yi, ya fice a fusace daga zauren kokawa na ɗansa Kristo, wanda ke riƙe da harkar a Landan baki ɗaya. Abin da ya fusata tsohon shi ne reslin, kokawar shiri, wadda aka san mai kaye tun kafin a shiga fage. Shi ɗan kokawar gargajiyar Turai ne, wadda suke dangantawa da Girkawa da Rumawa, ba a kama ƙafa, daga ƙugu zuwa sama kawai. Fabian ya lallaɓa ya nuna shi ma ransa ya ɓaci, ya sace zuciyar tsoho, ya fake a bayansa don ya san Kristo ba zai taɓa wanda ubansa ya rungume ba. Daga ƙarshe, don neman kuɗi, ya zuga ɗan reslin ɗin nan na Mazurki, ya zo ɗakin atisaye a buge yana zagi. Tsoho ya tashi.

Faɗan nan babu kiɗa a bayansa, babu 'yan kallo masu ihu. Nishi kawai kake ji da karon tsoka. Kyamara ta matso har kana ganin gumi a ƙeyar tsohon. Ƙaramin yana naushi da yaƙushi da duk abin da aka hana, tsohon kuwa yana ta neman abu guda, ya sami ƙugu. Da ya samu ya zagaye shi da damatsa ya matse, ya ƙara matsewa, har ƙato ya saki jiki ya sulale. Tsoho ya yi kaye. Sai dai zuciyarsa ba ta ɗauka ba, aka kai shi ɗaki, ya ce wa ɗansa ya rufe taga yana jin sanyi, taga kuwa a rufe take.

Abin da ya ƙara wa wannan nauyi shi ne Zbyszko ya san harkar ciki da bai. A 1925 masu shirya wasa a Amurka sun naɗa wani ɗan ƙwallo mai suna Wayne Munn zakara don yana da farin jini, aka shirya Zbyszko zai faɗi a hannunsa. Da aka shiga fage sai ya yi watsi da shirin, ya danne yaron da gaske, ya tafi da kambu. Wato takaicin da ke fuskar Gregorius ba koya masa aka yi ba. Shi ma daraktan, Jules Dassin, a lokacin ana farautarsa a Amurka bisa zargin gurguzu, shugaban kamfanin ya tura shi Landan da gaggawa ya yi fim ɗin kafin a rufe masa ƙofa, aka kuwa rufe. Ina ganin wanda ake shirin yarwa ya fi saurin gane darajar wanda aka yar.

A nan ne hujjar "haka zamanin yake" ta rushe. Zamanin guda ne, kamfanin ma guda ne da wanda ya yi Moto. Bayan shekara shida da fitowar Night and the City, a The Killing, Stanley Kubrick ya ɗauko wani ɗan kokawa ɗan ƙasar Jojiya, Kola Kwariani, wanda ya sani a gidan wasan dara na ces a New York. Aikinsa a labarin shi ne ya tayar da rigima a filin sukuwa don hankalin 'yan sanda ya koma kansa a yi fashi. Amma kafin a nuna shi ba riga yana watsi da 'yan sanda, sai da aka nuna shi zaune gaban allon ces yana yi wa jarumin nasiha, kuma duk fim ɗin babu mai magana da hankali kamarsa. A 1959 Samuel Fuller ya wuce nan. A The Crimson Kimono 'yan sandan ciki biyu ne aminai a Los Angeles, ɗaya Bature ɗaya Bajapane, suna binciken kisan wata mai rawa a unguwar Japanawa. Bajapanen James Shigeta ne, jinin Japan na gaske haifaffen Hawai. Su biyun suka kamu da son mace ɗaya, Baturiya. Abin da suka kasa faɗa wa juna da baki ya fashe a gasar kendo, wasan takobin gora, inda Bajapanen ya manta da ƙa'ida ya rufe amininsa da duka har ya sume. Faɗa ke nan da ya fito daga cikin mutum, ba ado ba. Yarinyar kuma shi ta zaɓa, a lokacin da jihohi da dama na Amurka ke haramta aure tsakanin jinsi da jinsi, dokar da ba a soke ta a ƙasa baki ɗaya ba sai 1967. In Fuller ya iya a 1959, sauran ba zamani ne ya ɗaure musu hannu ba. Lissafin aljihu suka yi da tsoro.

Kuma ba su daina da wuri ba. A 1969 aka yi Marlowe, James Garner ne mai binciken. Wani siririn saurayi Basine ya shigo ofishinsa da saƙon bos: ga kuɗi, ka janye. Da aka ƙi karɓa sai ya bi ofishin da ƙafa da hannu, ya fasa bango, ya karya ƙofa, ya yi tsalle ya harbe fitilar da ke rataye a sama. Bruce Lee ke nan. Mintuna kaɗan ne, amma duk wanda ya kalli fim ɗin su yake tunawa. To yaya aka ƙare da shi? A karo na biyu, a saman wani dogon bene, jarumin ya tsokane shi da gorin mazantaka, ya harzuƙa ya kawo tsalle, jarumin ya goce, ya zarce ƙasa. Mutumin da ya fi kowa a Hollywood sanin inda ƙafarsa za ta sauka, aka rubuta masa mutuwar wanda bai san bakin bene ba. Bayan shekara biyu ya koma Hong Kong, sauran labarin kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san shi. Sai da duniya ta yi masa tafi sannan Amurka ta aika a kira shi jarumi, ya kuwa rasu a Yulin 1973 kafin fim ɗin da suka yi masa ya fito.

Da duk wannan, me ya sa ban goyi bayan a jingine su ba? Saboda in ka ɓoye Moto ka ɓoye shaida. Wanda bai ga Lorre da lafaffen gashi ba zai ɗauka ƙari ake yi. Sannan akwai wani abu na son kai: sau da yawa a cikin finafinan nan ne za ka ga waɗannan jikkuna suna motsi. Zamanin ƙarfin Zbyszko ya wuce kafin talabijin, abin da yawancin mutane za su iya gani nasa yau shi ne mintunan nan na Landan. In aka rufe fim ɗin don laifin masana'antar, an sake tura shi gefe karo na biyu. Faɗan finafinan yanzu kuwa, da ake yanka hoto kowane daƙiƙa ana cike gibi da kwamfuta, jarumin da bai iya tsallake kwata ba sai ka ga ya tashi sama kamar shirwa. Kawu ba zai ajiye buta don wannan ba.

Abin da nake nema ƙarami ne. Masu saka tsofaffin finafinan nan a tashoshi da intanet su riƙa faɗin wane ne wane: wanda ya yi kayen, wanda ya koyar, wanda aka shafa wa fuska da dalilin shafawar. Mai kallo kuma, in an zo wurin faɗa, ya ɗan ɗauke ido daga jarumi ya dubi wanda ake dukan. Sau da yawa shi ne ya iya, kuma faɗuwar da ya yi da kyau ita ce ta sa jarumin ya zama jarumi.

A daren nan, da fim ya ƙare aka jefa gawar Fabian a kogin Tems, kawu ya nuna hoton da ke jikin fim ɗin da sandarsa. Fuskar Widmark ce da ta wata mace.

"Shi wannan mai zare ido, shi ne mai fim ɗin?"

"Shi ne jarumin, Kawu."

"Ɗan kamasho ne. Kowane fage akwai irinsu, ba su taɓa cire riga ba amma su ke ƙirga kuɗi." Ya ɗan yi shiru. "Shi tsohon fa, yana nan?"

Na ce ya rasu tun 1967, a jihar Misuri ta Amurka, inda ya koma ya riƙe gona.

"Ashe shi ma gona ya koma," in ji kawu. Ya girgiza butar ya ji ruwan ya yi sanyi, ya ce in ɗumama masa wani.